Shaidar Mara Kunya

A garinmu an daɗe ana kirana mara kunya, kuma ban taɓa zuwa ƙofar kowa roƙon a sake min suna ba. Waɗanda suka laƙaba min shi galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma sun tafi ba su ji na ba da haƙuri ba. Yanzu jikoki sun matsa min, ga shi ajin yaƙi da jahilci ya bar min ɗan abin da zan riƙe alƙalami da shi, to bari in faɗi yadda aka yi. Na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ko hanyar kotun ba su sani ba.

Ni 'yar wajen Malikanchi ce, cikin Fulanin da suka zauna suka kama noma. Aure ya kawo ni wani ƙauye tsakanin Makarfi da Hunkuyi, ƙasar rake. Maigidana yana da fadama, yana kuma da rabo a injin matsa, irin wanda doki ke juyawa. Da rani wuni yake yi a can yana dafa mazarƙwaila, ya dawo da yamma tufafinsa na ƙamshin ƙonannen zaƙi, ƙudan zuma na rako shi har zaure. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. An ce mana Turawa sun tafi, mulki ya dawo hannun 'ya'yanmu, yanzu wanda zai duba ka a asibiti naka ne, wanda zai yi maka shari'a naka ne. Mun yi murna, ni har da guɗa na yi.

Ɗa guda nake da shi a lokacin, shi ne na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta gidanmu ta fi ta kowa tsanani, ga shi na tarar da surukar da ita ma ba ta wasa da abin. Ba na kama sunansa. Ba na goya shi a gaban mutane. In baƙuwa ta tambaya ɗan wa ye wannan, sai in ce ɗan gidan nan ne, in kau da kai. Ana yaye shi ya koma ɗakin Inna, uwar maigidana. Ita ke yi masa wanka, ita ke kwana da shi, tana kiransa angona, shi kuma yana ce mata ya sake ta don ba ta da haƙora. Ni kuwa Adda yake ce min, wato yaya, don haka ya ji ƙannen maigida suna kirana. Yaro ne mai surutu, in ya kama tambaya sai ka nemi hanyar gudu. In na toya waina nakan ajiye ɗaya a gefen murhu in yi kamar na manta, shi kuma ya yi kamar ya sata. Ina son yaron nan son da har tsoro yake ba ni, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har shi.

Akwai ɗan asibitin sha-ka-tafi a garin da muke cin kasuwa, ɗakuna biyu da rumfa. Ba zan kama sunan garin ba, mutanensa ba su yi min komai ba. Malamin asibitin matashin magidanci ne, rigarsa fara tas, kekensa da ƙararrawa, ga agogo a hannu. Ya fi kowa iya gaisuwa. Zai durƙusa wa tsoho har ƙasa, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi gajiyar shekaranjiya. An ce maganin gwamnati kyauta ne, amma kowa ya san allura ba ta fitowa sai an gai da malam. Mai kaza ya kai kaza, mai ƙwan zabi ya kai ƙwai, mu mazarƙwaila muke kaiwa. Mutanenmu kuma a kan allura ba su da hankali. In ka ba mutum ƙwaya zai ce ka raina ciwonsa. Sai ya ji ƙarfe ya shiga tsoka, ya tashi yana ɗingishi, sannan ya yarda an yi masa magani.

Da bazarar wata shekara zafi ya kai inda ya kai, sanƙarau ya shigo ƙasar. Yaron ya kwanta da zazzaɓi, ya yi ta amai, wuyansa ya sandare. Bai ma kai famfara ba. Inna ta goya shi ta kai, malam ya duba ya ce allura ce kullum, kada a kuskura a tsallake. Ta yi ta kai shi. Ni ina gida ina daka, kunnena na kan takunta. In ta shigo ba ni da bakin tambaya, sai dai in saci kallonsa ta gefen ido in ci gaba da tankaɗe.

Ana cikin haka aka aiko wa Inna yayanta ya rasu a Kudan. Ta fita da sassafe, ta bar wa maƙwabciyarmu sallahu ta kai yaron. Hantsi ya yi, maƙwabciya ta aiko ita ma 'yarta ta kwanta. Maigida yana fadama. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna ina jin numfashin yaron, na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Sai na sunkuce shi na goya, na yafa zane har ka, na bi ta bayan gari, ta cikin gonaki, kamar wadda ta yi sata. Zafin jikinsa yana ratsa zane yana ƙona min baya. Tun da aka yaye shi ban ƙara jin nauyinsa ba sai ran nan.

Da na iso, rumfar gaba cike take, har da matan unguwarmu. Ina zan shiga da ɗan fari a baya? Sai na zaga bayan ginin, na raɓe jikin bango kusa da taga, ina jira a watse. Tagar a buɗe take saboda zafi, kuma ashe ta ɗakin da malam ke haɗa magani ce.

Na ga ƙananan kwalabe a jere kan tebur, duk ba komai a ciki. Na ga buta. Na ga gwangwanin madara, irin wadda manya ke zuba wa shayi, an huda shi. Malam ya tsiyaya ruwa a kofi, ya ɗiga madara, ya juya da cokali har ya yi fari, sai ya riƙa zuƙa da sirinji yana ɗurawa cikin kwalaben ta murfinsu na roba. Yana yi yana fito da baki. Can ya ɗago, muka haɗa ido. Wallahi ko gezau bai yi ba. Murmushi ya yi min, ya ci gaba da aikinsa. Har yau in na tuna murmushin nan sai abinci ya fita raina.

Ni kuwa me na sani? Na ɗauka haka ake haɗa allura. Wa ya taɓa nuna min? Masu cewa ai da na yi magana tun ran nan, su fara gaya min a wace makaranta aka sa ni. Da mutane suka ragu na zago gaba. Ya dube ni ya ce, “A'a, yau Inna ƙanwarta ta aiko? Wannan wa ye naki?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Ɗan gidanmu ne, malam.”

Ya yi dariya ya ce, “Haka ne, ɗan gidanku ne. Riƙe min ƙafafunsa.”

Na riƙe.

Kafin Inna ta dawo daga zaman makoki yaron ya daina gane mutane, inda ake yi masa allurar ya kumbura ya yi ruwa. Maigida ya bar tukunya a wuta, shi da Inna suka ɗora shi a jaki zuwa Makarfi, suka samu motar kaya zuwa babban asibiti a Zariya. Ni aka bar ni tsaron gida, don uwar ɗan fari ba ta bin sa asibiti. Mata na shigowa jaje, amma ba ni suke yi wa ba, ƙannen maigida suke yi wa. In sun juyo kaina sai su ce ya aiki, in ce da godiya. Na share tsakar gida har ta gaji da ni, na wanke tukwanen da ba a yi girki a ciki ba. Kuka kuwa sai a bayan rumbu, shi ma da sauri, kafin wani ya nemi tsintsiya.

Allah ya yi da sauran kwana. Suka dawo da shi a rame, kai ya fi jiki. Gida ya cika da masu barka. Inna ta zaunar da shi a tabarma tana ta “angona, angona,” bai waiwaya ba. Muka ce gajiyar hanya ce. Sai tasa ta suɓuce min ta faɗi daidai bayansa, kaji suka watse, shi ko ƙiftawa bai yi ba. Ciwon ya tafi da kunnuwansa duka biyu. Surutun nan ma a hankali ya riƙa ƙafewa, har ya zama sai nuni da hannu.

Da yamma na kai wa maigida ruwan alwala, na tarar yana gaya wa ƙaninsa abin da likitan Zariya ya ce. Wai da ya tsaga kumburin faɗa ya kama yi, ya ce abin da aka ɗura wa yaron nan ba magani ba ne, da an yi masa allurar gaskiya tun farko da wataƙila bai kai haka ba. Na ajiye butar na ce, “Maigida, ana zuba madarar shayi a allura?” Ya zuba min ido. Na gaya masa komai, har da goyon. Da na zo kan goyon, ƙasa kawai ya kalla.

Likitan bai bar maganar ba, ya kai ta sama. Aka turo mai duba asibitocin ƙauye tare da ɗan doka. Suka tarar da tarin gwangwanayen madara a ramin shara, malam ya ce shi mashayin shayi ne, ko an hana? Suka ce ina maganin da aka aiko masa, ya ce yana jikin mutane, a je a tambaye su. Aka tambaya. Ka san mutanenmu. Wanda ɗansa ya mutu ya ce kwana ne ya ƙare, wanda nasa ya tashi ya ce Allah ya saka wa malam da alheri. Tsohon leburan da ke share asibitin ya ce shi tsintsiya kawai ya sani. Duk da haka aka kai maganar gaban alƙali, amma mai dubawa ya gaya wa maigida a fili: sanƙarau yakan kurmanta yaro ko an yi magani, in ba a samu wanda ya gani da idonsa ba, malam zai koma bakin aikinsa. Wato zai koma ya ci gaba da ɗura wa 'ya'yan mutane madara, ya riƙa wucewa ta ƙofar gidanmu yana kaɗa ƙararrawar da yaron ba zai ƙara ji ba.

Na ce zan je in faɗa.

Kada ka ɗauka tsoron malam Inna ke ji. Ta fi kowa son ganinsa a gidan yari, da za a bar ta da shi da taɓarya ma ta ishe ta. Abin da ya tayar mata da hankali daban ne.

Ta ce, “Ke yarinyar nan, kin san abin da kike faɗa? Ki tsaya gaban maza, gaban alƙali, ki ce kin goya ɗan fari kin ratsa gari da shi? In ya ce mene ne shi a wurinki, ki ce me? In ya ce faɗi sunansa fa?”

Na ce, “Inna, sai in faɗa.”

“La'ilaha illallahu! A gidan nan? Ina raye?”

Labari ya kai Malikanchi. Mahaifiyata ta aiko da saƙo, in na yi wannan abin kunya kada in ƙara taka mata tsakar gida. Maigida shi ma kunyar ta ɗaure shi, don ai ɗan farinsa ne. Sai Inna ta kawo dabara. Ta ce abin da aka gani an gani, gaskiya ce ba ƙage ba, bakin da zai faɗa ne kawai matsala. In gaya mata yadda abin yake, ita ta je ta ce ita ta gani. A wurinta wannan ba ƙarya ba ce, aron ido ne, kamar yadda ake aron turmi a maƙwabta. Dattawan gida suka ce madalla, ga gaskiya za ta fito, ga mutunci ya tsira. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Haka na zauna ina biya wa Inna karatu. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin an huda gwangwanin madara ba, idonta ɗaya ma ya fara hazo. In ce kofi, ta ce ƙwarya. In ce ya zuƙa da sirinji, ta ce ya ɗiba da ludayi. In na gyara mata sai ta hau ni da faɗa, wai tun kafin a haifi ubana take ba da labari. Da abin dariya ne da mun yi, amma raina a ɓace yake. Ni na gani, ni na riƙe ƙafafun, ga shi an mai da ni mai koyar da aku.

Ranar shari'a ta faɗo ranar kasuwa, kotu ta cika har waje. Aka ce in bi su don in riƙe wa Inna takalmi da ruwan sha. Na zauna cikin mata a bakin ƙofa. Yaron yana can gaba a cinyar ƙanin maigida, an kawo shi don alƙali ya gani, ya ba ni baya yana tsotson gaɓar rake. Kafin tamu aka yi ta wani da ya saci akuya. Da igiya a ƙugu aka shigo da shi. Ba a ɓata lokaci ba, mai akuya ya nuna tsagar kunnenta, shaidu suka ce tasa ce, aka tasa ƙeyar ɓarawo zuwa gidan yari.

Sannan aka kira malam. Shi ba igiya, da ƙafarsa ya zo, cikin babbar riga, har yana ɗaga wa mutane hannu. Alƙali ya bayyana cewa bisa sabuwar dokar da ta zo da 'yancin kai, ana tuhumarsa da cin amanar kayan gwamnati da aka damƙa masa, da kuma zambatar marasa lafiya. Malam ya ce bai aikata ba. Mai dubawa ya faɗi abin da likita ya gani a kumburin, ɗan doka ya zube gwangwanaye a ƙasa. Sai aka kira Inna.

Ta fara da kyau, har kofi ta tuna. Da ta gama alƙali ya ba malam damar tambaya. Ya durƙusa ya gaishe ta tukuna, ya tambayi gajiya, ya yi mata gaisuwar rashin yayanta. Sannan ya ce, “Inna, yaushe kika ce kin tsaya a tagar?”

Ta ce, “Ranar da ka yi masa ta ƙarshe.”

“To ba ran nan aka binne yayanki a Kudan ba? Ai ni ma na aika gaisuwa. Allah ya gafarta alƙali, a nan ma akwai waɗanda suka raka ta.”

Wasu dattawa suka sunkuyar da kai. Ya tambaye ta ko tagar gabas take kallo ko yamma, ta ce gabas, ta ce a'a yamma. Ta rikice, ta shiga rantse-rantse. Alƙali ya haɗe fuska ya ce, “Baiwar Allah, kin san hukuncin shaidar zur? Da furfurarki?” Na dubi Inna. Matar da ba ta taɓa ɗaukar ko allurar ɗinkin wani ba, ga ta ana shirin kiranta maƙaryaciya a gaban kasuwa, duk don a rufe min baki.

Da malam ya tsaya nan, da ya sha. Amma daɗi ya kwashe shi. Ya juya ya fuskanci jama'a ya ce, “Allah ya gafarta malam, tsohuwar nan ko kusa ba ta zo ba ran nan. Yarinya ce ta tsaya a bayan tagar, ita ta kawo yaron, da idona na gan ta. In tana da abin faɗa, ta fito mana, ta gaya wa kotu ko wa ye shi a wurinta.” Ya dubi inda mata suke, ya yi murmushinsa. Ya san mu sarai. Ya san ko wuƙa aka sa wa 'yar Fulani a wuya ba za ta faɗi wannan ba. Da wannan ya dogara tun ranar da ya gan ni a taga.

Daga baya an yi ta cewa wai aljanu ne suka tashe ni. Ƙarya ne, da hankalina na miƙe. Na ajiye takalman Inna a gefe. Maƙwabciyarmu ta riƙe min bakin zane, na fizge.

Na dubi alƙali na ce, “Allah ya gafarta malam, ni ce yarinyar.”

Alƙali ya ce in matso, na matsa. Ya ce, “Mene ne yaron nan a wurinki?”

Bakina ya buɗe zai ce ɗan gidanmu ne, don abin da ya saba ke nan. Na haɗiye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Ɗana ne. Ni na haife shi. Shi ne na fari.”

Mata suka ɗauki salati a bayana. Na ji wata ta ce, “Wayyo, ta kwance wa kanta zane a kasuwa!”

Alƙali ya ce, “Sunansa?”

Na faɗa. Kuma ba ciki-ciki na faɗa ba, na ɗaga murya yadda na ƙarshen rumfa zai ji. Maigida ya rufe fuska da hannun riga. Inna ta toshe kunne. Kowa a wurin ya ji sunan nan daga bakina, har mai goro a waje. Mai sunan yana nan zaune ya ba ni baya, yana tsotson rakensa.

Daga nan kuma me ya rage in ji kunyarsa? Na zayyana komai, tun daga goyon har riƙon ƙafa, da dalilin da ya sa na zaga baya. Malam ya yi tsalle ya ce shi bai taɓa ganina ba. Alƙali ya ce, “Ashe? Ba yanzu ka ce da idonka ka gan ta a bayan taga ba?” Baki shi ke yanka wuya. Malam ya koma ya ce jahila ce, ba ta san magani ba. Na ce ban sani ba, amma a cikin shanu na tashi, ba a yi min ɓad-da-kama da madara. Aka sake kiran tsohon lebura. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce in sa'ar jikarsa za ta zubar da kunyarta a gaban maza, shi ba zai tafi kabari da wannan a cikinsa ba. Shi ake aike sayen madara, shi kuma ke kai wa wani ɗan kasuwa kwalaben gaskiya a cikin buhun barkono.

An kori malam daga aiki, an kuma ɗaure shi. Amma ɗaurinsa bai kai na ɓarawon akuya ba. Wai laifin farko ne, wai yana da iyali, wai ga ma'aikaci rasa aiki ma hukunci ne. Na buɗe baki zan tambayi alƙali ko ɓarawon akuya daga sama ya faɗo, maigida ya harare ni, na ce to na yau ya isa. Akuya dai an mayar wa mai ita. Ni ba a mayar min da komai ba. Daga baya na ji malam ya fito ya buɗe kantin magani a wani gari, har ya je Makka. Inna kuwa alƙali ya yi mata faɗa ya sallame ta saboda shekarunta.

Abin da ya biyo baya na sha shi. Mahaifiyata ta cika alkawari, sai da damina ta zo ta wuce kafin ta amsa gaisuwata. 'Yan mata suka sa ni a waƙar gaɗa. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Abin da ya fi ba ni haushi, cikin masu kaɗa min baki har da waɗanda aka ɗura wa 'ya'yansu madarar, har da waɗanda suka binne nasu. Sabon malamin da aka turo yana yi musu allurar gaskiya, suna zuwa suna karɓa, su dawo su tsaya a rijiya suna cewa Allah ya tsare su da irin rashin kunyata. Na ce amin, Allah ya tsare ku da ranar da za ta sa ku yi.

Amma duk wannan daga baya ne. Ran nan, da kotu ta tashi, Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗana kamar kullum. Na riga ta. Na ce, “Inna, ki huta.” Ta dube ni, idonta jajir. Na ɗauka zagi za ta yi. Sai ta kwance majanyinta daga ƙugu ta miƙo min.

Na goya shi nan a ƙofar kotu, na bi ta tsakiyar kasuwa, ta wurin masu barkono da masu gishiri, kaina a ɗage. Masu nuni suna nuni. Ina tafe ina kiran sunansa, ina yi masa duk surutun da na tara tun ranar da na haife shi. Na san ba ya ji. Lokacin da yake da kunne na yi shiru saboda mutane, kuma a cikin mutanen nan ba wanda zai ara masa nasa.

Mun kusa fita kasuwa sai na ji ya kwantar da kumatunsa a bayana, ya lalubo da hannu ya dafa maƙogwarona, daidai inda murya ke motsi. Mamaki ya sa na yi shiru. Ya bubbuga wurin da yatsunsa masu danƙon rake, wai in ci gaba.

Na sake kira.